Idan Gwaji Ya Yi Wa Zuciya Ƙazafi



Bara, gab da azumi, wata yayata, malamar makarantar firamare mai shekara 46, ta je wani asibitin kuɗi a duba lafiyarta. Babu abin da ke damunta. An dai yi rangwamen kuɗin gwaje-gwaje ne, 'ya'yanta suka biya mata don su faranta mata rai. Aka manna mata wayoyi a ƙirji, aka ɗora ta kan injin tafiya, ta yi ta taku har ta jiƙe da gumi. Da takarda ta fito sai aka ce akwai alamar jini ba ya isar zuciyarta yadda ya kamata. Mako 3 baiwar Allah nan ba ta yi barcin kirki ba. Ta rubuta bashin da ake binta da wanda take bi, ta kira ni da daddare tana cewa in riƙe mata yaran nan amana. Daga baya likitan zuciya ya sa aka ɗauki hoton jijiyoyin da ke kai wa zuciya jini, aka same su a buɗe, fes. Ya ce mata, "Hajiya, gwajin farko ne ya yi kuskure." Muka yi hamdala. Amma a hanyarmu ta komawa gida ta juyo ta ce min, "To yanzu wanne zan yarda da shi? Kuma me zan yi?"

Wannan tambayar tata ce ta kawo ni gabanku yau, domin na lura mun iya jajanta wa wanda aka ce yana da ciwon zuciya, mun kuma iya yi wa wanda aka wanke barka, amma babu mai zama ya gaya wa wanda aka wanken yadda zai yi da ransa washegari.

Bari mu fara da abin da ya sa na'ura ke yin ƙazafi. Gwajin nan da ake kira isiji, wanda wani likita ɗan ƙasar Holan, Willem Einthoven, ya samu kyautar Nobel a kansa a 1924, ba ya ganin jijiya ko ɗaya. Lantarkin da zuciya ke fitarwa a kowane bugu yake zanawa a takarda, likita ya dubi zanen ya yi hasashe. Wanda ake yi a kan injin tafiya kuwa, yawanci ana bin tsarin da likita Robert Bruce ya fitar a Amurka a 1963, inda duk minti 3 ake ƙara sauri da tudu. Shaida ne da ya ji motsi a bayan katanga, bai leƙa ba. A 1989 an tattara sakamakon bincike 147 a kan gwajin injin tafiyan nan, aka ga yana kama kimanin kashi 68 cikin 100 na masu toshewar jijiya, yana kuma wanke kimanin kashi 77 cikin 100 na masu lafiya. Wato kusan mutum 23 cikin kowane lafiyayyu 100 yana ɗora musu laifin da ba su yi ba.

Ku biyo ni mu yi lissafin kasuwa. A ce an tara mutum 1,000 irin yayata, marasa ƙorafi, a ce 50 daga cikinsu ne ke da toshewar gaske. Gwajin zai kama wajen 34 daga cikin 50 ɗin nan. Amma a cikin lafiyayyu 950, zai nuna wa wajen 218 yatsa. Mutum 252 ke nan za su koma gida hankali a tashe, alhali 34 kaɗai ke da ciwon, kimanin 1 cikin 7. In kuwa wanda aka gwada dattijo ne mai ciwon suga, mai shan taba, wanda ƙirjinsa ke ɗaurewa duk sanda ya hau bene, sakamakon nan guda ya zama magana mai nauyin gaske. Takarda ɗaya, ma'ana biyu, ya danganta da wanda aka ɗora a kan injin. Shi ya sa kwamitin da ke ba da shawara kan rigakafin cututtuka a Amurka ya ce, a 2018, kada a riƙa yi wa manya marasa alamar ciwo kuma marasa haɗari sosai wannan gwaji don bincike kawai. A ganina duk asibitin da ke tallar gwaje-gwaje a dunƙule, kamar kayan lefe, ya kamata ya gaya wa mutane wannan kafin su biya.

Akwai kuma waɗanda gwajin ya fi yi wa ƙazafi. Mata suna ciki. Haka mai hawan jinin da ya daɗe har naman zuciyarsa ya yi kauri, da mai shan maganin digoksin, da wanda sinadarin fotashiyam ya yi ƙasa a jininsa. Wani abin da ya shafe mu kai tsaye shi ne, zanen zuciyar baƙar fata, musamman matasa 'yan wasa, yakan fito da wata siffa da za a ɗauka cuta ce alhali halitta ce, har ƙa'idojin duniya na karanta isijin 'yan wasa da aka fitar a 2017 sun amince da hakan. Ita kuwa na'urar da ke buga hukuncinta a saman takarda ba ta san wanda ke kwance a gabanta ba. Gwajin jini na tiroponin ma, da ake neman ciwon zuciya da shi, yakan hau ga mai ciwon ƙoda, ko mai cutar da ta shiga jini, ko wanda ya yi gudun dogon zango, ba tare da jijiya ta toshe ba.

To, ga amsar da nake ba yayata, da duk wanda ya tsinci kansa a halinta.

Kafin komai, tabbatar wa ya wanke ka, kuma da me. In mai kemis ne ya dubi takardar ya ce ba komai, ko maƙwabci ya ce shi ma an taɓa gaya masa haka, ba a wanke ka ba tukuna. Wankewa ita ce likitan da ya ji labarinka, ya auna ka, ya kuma yi gwajin da ya fi na farko gani, kamar hoton eko ko hoton jijiyoyin zuciya. Ka tambaye shi kai tsaye, "Likita, me ya sa na farkon ya nuna haka?" Amsar tana da amfani, domin wani lokaci ƙazafin toshewar jijiya ne ya faɗi, amma a garin bincike an gano hawan jini ko ƙarancin jini. Ga 'yan'uwana mata kuma, ina roƙon ku riƙe wannan: in manyan jijiyoyi sun fito lafiya amma ƙirji bai daina ciwo ba idan ana aiki, a koma. Akwai ciwon ƙananan jijiyoyin da hoton ba ya nunawa, kuma ya fi yawa a mata. Kada a bari a ce miki damuwa ce kawai a sallame ki.

Sai magungunan da aka rubuta a kwanakin fargaba. Yayata ta ci gaba da shan asfirin kullum har wata 2 bayan an wanke ta, don babu wanda ya ce ta daina, ga shi kuma tana da gyambon ciki, shi kuwa asfirin yana iya sa ciki zubar da jini. A kwashe ledar magungunan gaba ɗaya a kai wa likita, ya ware na ci gaba da na ajiyewa. Kada kuma murna ta sa a watsar da maganin hawan jini.

Takardun nan, a adana su, har da ta ƙazafin. A ɗauke su hoto a waya. Ranar da aka sake yin isiji, ko shekara 10 nan gaba, likitan da ya ga tsohon zane kusa da sabo zai gane cewa haka zuciyarka take rubutu tun asali, ba sai an sake tayar da hankalin gida ba.

Abin da ya fi wuya shi ne tsoron da ke zama bayan an wanke mutum. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Na ga yayata tana taɓa wuyanta tana ƙirga bugu a tsakiyar hira, ta daina zuwa makaranta a ƙafa, har ta fara maganar sayar da filinta ta tafi Masar ko Indiya a sake dubawa. Ban raina tsoronta ba, ni ma na kwana da shi. Amma gwaji ba sadaka ba ne, kowanne da farashinsa a jiki. Ruwan da ake ɗura wa jijiya don ta fito a hoto yana iya taɓa ƙoda, zura siririn bututu zuwa zuciya yana da haɗarinsa ko da kaɗan ne, kuma kowane sabon gwaji yana iya zuwa da nasa sabon ƙazafin. Wani bincike da aka buga a 2010 ya duba kusan mutum 400,000 a Amurka waɗanda aka zura wa bututun nan ba tare da an san su da ciwon a baya ba, aka ga kimanin kashi 38 cikin 100 ne kawai ke da toshewar gaske. Saboda haka kafin ka yarda da wani gwajin, tambayi likita ko sakamakonsa zai canza maganin da za a ba ka. In ya ce a'a, ka riƙe kuɗinka.

Na fi jin tsoron ɗaya ɓangaren ma, wanda zai ce ai asibiti ƙarya suke yi, ya yi sallama da likita har abada. Binciken da aka buga a 2012 a kan masu gazawar zuciya sama da 1,000 a ƙasashen Afirka 9, har da Najeriya, ya nuna hawan jini ne sanadi a wajen kashi 45 cikin 100, toshewar jijiya kuwa ba ta kai kashi 10 ba. Ke nan ɓarawon da ya fi shiga gidajenmu ba shi ne wanda injin tafiya ke nema ba. Yana cikin gishiri da dunƙulen miya da kanwa, yana cikin zaman mota da na shago daga safe har dare. A ƙasar Hausa kuma, tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka rubuta yawan gazawar zuciya ga masu jego. Mai jegon da ƙafafunta suka kumbura, ba ta iya kwanciya sai ta jingina da matasai, kada wani ya tuna mata cewa an taɓa gwada ta aka ce lafiya.

Wankewar jiya ba ta hana zuwa asibiti yau. Nauyi ko matsewa a tsakiyar ƙirji da ya wuce 'yan mintuna, ko yana sauka hannu ko muƙamuƙi, ko ya zo da gumi mai sanyi, ko numfashi na sarƙewa, ko mutum ya suma, wannan ba a jira gari ya waye, ba a kuma tuƙa mota da kai.

Yayata dai ba ta sayar da filin ba. A zama na ƙarshe likita ya tsayar da asfirin, ya ce abin da ya gani a jikinta na gaske shi ne awon jininta da ke yawo a 150 bisa 95. Ta sayi na'urar awo ta gida, tana rubuta lambobin a bayan littafin rajistar ajinta, ta rage dunƙule a miya duk da ƙorafin yara, ta kuma koma tafiya makaranta a ƙafa, minti 25 zuwa, 25 dawowa. Takardar farkon tana nan a cikin akwatinta, tare da takardar filin. Wata mai zuwa za ta koma a duba awon.

Allah Ya ƙara mana lafiya.