Tudun Aman Taɓo Da Gargaɗin Da Ya Bar Mana

'Yan'uwa ɗalibai, akwai wata hujja da muke yawan ji a bakin masu ƙin a taɓa maganar gas. Suna cewa ai ƙasa da kanta tana fitar da iskar metan tun kafin ɗan Adam ya haƙa rijiyar mai, don haka me ya sa za a ɗora mana laifi? Rabin maganar gaskiya ne.

A ƙasar Azabaijan akwai tuddai fiye da 300 masu aman taɓo maimakon wuta. Metan, wato mafi yawan abin da ke cikin gas ɗin da ke fitowa tare da man fetur, ita ke taruwa a ƙarƙashi, ta ingizo laka da ruwa har su fasa ƙasa. A watan Mayu na 2006 irin wannan aman ya ɓalle a Sidoarjo ta ƙasar Indonesiya, ya binne ƙauyuka, ya raba dubban iyalai da gidajensu.

Sauran rabin maganar yana cikin duwatsu. Kimanin shekaru miliyan 56 da suka wuce, narkakken dutse ya kutsa cikin lakar da ke ƙasan teku daura da Norwe, ya dafa ragowar halittun da ke cikinta. Gas ya huda ƙasan tekun ta dubban ramuka. Masana da yawa na ganin wannan yana cikin abin da ya ƙara wa duniya zafi da digiri 5 ko fiye. Ƙananan halittun ƙasan teku masu yawa suka ƙare, kuma sai bayan shekaru fiye da 100,000 al'amura suka lafa. Wannan zamani bai yi mana nisa ba, domin farar ƙasar Kalambaina da ake yin siminti da ita a Sakkwato, ƙasan wani teku ce da ya kwanta a can gab da lokacin.

To, abin tsoron shi ne, binciken da aka buga a 2016 ya nuna cewa hayaƙin da ɗan Adam ke fitarwa ya ninka na wancan zamani gudu kamar sau 10. Cikin shekaru 20 kuwa, metan ta fi hayaƙin kabon riƙe zafi wajen sau 80.

A nan Nijeriya, dokar 1979 ta sa 1984 a matsayin wa'adin daina ƙona gas a bakin rijiyoyin mai. Har yau wutar tana ci a yankin Neja Dalta, wani gas ɗin kuma yana sulalewa ba tare da ya ƙone ba. Tudun taɓo ba ya jin doka, amma bututu da rijiya suna hannun mutane.

Gobe mu ne za mu zauna a ma'aikatu, takardun ƙarin wa'adi su iso teburinmu. Kada mu sa hannu ido rufe. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.