Wa ya ce aikin haraji sai namiji?

A Ringim, kamar a Taura da Garki da Babura, idan yarinya ta gama difloma a fannin akanta ta samu aiki a ƙaramar hukuma, shawarar da manya ke fara ba ta ita ce ta nemi a kai ta sashen walwalar jama'a, ko ta koma koyarwa. Sashen kuɗin shiga, in ji su, na maza ne. Akwai kasuwa, akwai tasha, akwai direbobi da mahauta, kuma mace ba ta da ƙwanjin da zai sa ɗan kasuwa ya zura hannu a aljihu. Ba da mugun nufi suke faɗa ba, amma shawarar gurguwa ce, tana cutar da 'ya'yanmu, tana kuma cutar da baitulmali.

Tunanin yana da tushe. Waɗanda suka ga zamanin En'e ba su manta da haraji da jangali ba: dagaci da masu unguwanni suna bi gida-gida, wanda ya kasa biya a shanya shi a rana, wani ya tsere ya bar iyali. Shi ya sa da Gwamna Abubakar Rimi ya soke su a 1979, lokacin Ringim tana cikin tsohuwar Jihar Kano, talakawa suka yi ta murna. Harajin ya tafi, amma har yau idan aka ce mai karɓar haraji, ƙato mai muzurai ne ke faɗo wa mutane a rai.

To, a duba abin da doka ta ba ƙaramar hukuma. Dokar 1998 da ta raba haraji tsakanin matakan gwamnati uku ta bar mata kuɗin shaguna da rumfuna, kuɗin kwata, kuɗin tashar mota, rajistar aure da haihuwa, lasisin keke da amalanke, da makamantansu. Wanne ne a ciki ke buƙatar damtse? Abin da suke buƙata shi ne a san shaguna nawa ne a garin, wa ya biya, wa ake bi, littafin rasit nawa aka fitar, nawa ya dawo, nawa ya shiga banki. Kuɗin ƙaramar hukuma ba a hannun ɗan kasuwa mai taurin kai suke salwanta ba. Tsakanin hannun mai karɓa da asusu suke zurarewa, kuma biro da riƙon amana ne ke toshe wannan kafa.

Mata kuwa ba baƙin lissafi ba ne. Uwar adashi a cikin lungu tana riƙe zubin mata da dama, ta san ranar kwasar kowa, ba ta da ɗan sanda ko kotu, kuma kuɗi na fita daidai. Kasuwannin ƙasar Hausa sun daɗe da sanin Korama, shugabar masu awon hatsi. Malaman tarihi sun ruwaito cewa Sayyidina Umar ya ɗora Shifa'u 'yar Abdullahi a kan wani ɓangare na lamuran kasuwar Madina. A zamaninmu, Ifueko Omoigui-Okauru ta shugabanci hukumar tara haraji ta tarayya daga 2004 zuwa 2012, kuma ana ƙidaya shekarunta cikin na gyara. Wani bincike da cibiyar nazarin haraji ICTD ta wallafa a 2019 kan kasuwannin Kaduna da Enugu ya gano cewa kusan duk cin zarafin da 'yan kasuwa suka koka da shi daga maza masu karɓar haraji ya fito. Mai tallan nono da aka karɓe wa kuɗi ba a yanka mata rasit ba, wa za ta fi sakin jiki ta gaya wa?

Babbar illar ma tana can gaba. Ma'ajin ƙaramar hukuma daga sashen kuɗi yake tasowa. Yarinyar da aka kauce da ita daga wannan sashe a ranarta ta farko, an toshe mata hanyar wannan kujera har ta yi ritaya, sannan a zo ana cewa an nemi mace ƙwararriya an rasa. Tarukan bita da ake tara mata a Dutse ana ce musu su yarda da kansu ba za su warware wannan ba, domin matsalar tana cikin takardar da ke tura ma'aikaci sashe.

Ke kuma ƙanwata da ke riƙe da takardar akanta, ki rubuta ki nemi sashen kuɗi tun farko. Ki koyi littafin kuɗi da daidaita shi da takardar banki, ki iya kwamfuta, ki zauna jarrabawar ƙungiyar akantoci ANAN ko ICAN ko ta cibiyar ƙwararrun haraji CITN. Kada ki sa hannu a kan kuɗin da ba ki ƙirga ba, ko wa ya miƙo miki takardar.

Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Nauyin lissafi zai ƙaru a kan ƙananan hukumomi 27 na Jigawa. Ina kira ga hukumar kula da ma'aikatan ƙananan hukumomi ta jihar da ta fitar da adadin matan da ke sashen kuɗi a kowace sakateriya da matakin albashinsu, sannan a zagayen canjin wurin aiki mai zuwa ta mayar da duk mai takardar akanta sashen da ta karanta.