AWON RUWA KAFIN YA SHIGA GARI

Wannan mako maganar ruwa za mu yi. Kowa ya tuna da watan Agusta na 2024, sa'ad da ruwa ya ci garin Gummi, dubban gidaje suka lalace, har Gwamna Dauda Lawal ya tafi jaje da kansa. Ruwan sama ikon Allah ne, ba mai tsai da shi. Amma sanin inda ya kai a magudana, wannan dabara ce ta 'yan Adam.

A Amurka akwai wani gari, sunansa South Bend. Magudanansu a ƙarƙashin ƙasa su ke, ruwan sama da na ƙazanta hanyarsu ɗaya. In an yi ruwa mai ƙarfi sai su cika, ƙazanta ta kwarara cikin kogi. A 2008 suka fara sa ƙananan na'urori fiye da 100 cikin magudanan, kowace tana auna zurfin ruwa tana aika labari ofis. Da suka duba, ashe wata magudana tana tumbatsa, wata kuwa da sauran wuri. Sai suka sa ƙofofi masu buɗewa da rufewa, a karkata ruwa inda ke da sarari. Irin na'urar da a ke maƙalawa a bisa ruwa, sauti ta ke jefawa ƙasa, ta lissafa jimawar amsa-kuwwa. In ya komo da sauri, ruwa ya taso ke nan.

Kada malamai su ce wannan sabon abu ne na Turawa. A Masar, a tsibirin Rauda, har yau ga ma'aunin Kogin Nilu da aka gina a 861, zamanin Halifa Mutawakkil.

To, mu fa? Ba mu da magudana ta ƙarƙashin ƙasa a Anka ko Bukkuyum ko Gummi, sai lambatu da kwalbati da kududdufai. Wanda ya ce a sayo mana irin ƙofofin South Bend, ni a ganina wasa ya ke yi da kuɗin baitulmali. Abin da ya kamace mu ya fi wannan araha. Gulbin Zamfara ta Anka ya ke biyowa, ya ratsa ƙasar Bukkuyum, kana ya isa Gummi. Watau mutumin Anka ya riga na Gummi ganin ruwan. In da an kafa ma'auni a can sama, wani a tsakiya, ai labari ya riga ruwa isa, a kwashe yara da tsofaffi da hatsi. Ruwan da ya sauka cikin gari kansa kuwa, wannan sai ma'aunin bakin kwalbati. In na gaba ya cika, na baya fayau, an san shara ta toshe tsakani, sai a tura leburori da shebur.

Akwai cikas, kada mu ɓoye. Na'urar nan da layin waya ta ke magana, ga shi kuwa a Satumba 2021 an rufe layukan waya a Jihar Zamfara saboda 'yan bindiga. Don haka kowace na'ura a kafa mata sanda mai zanen awo a kusa, da mutum mai littafi, yana rubutawa safe da maraice.

Sa'an nan wa za a aika wa labarin? Hukumar NIHSA tana fid da hasashen ambaliya kowace shekara, amma ba ta ce daren kaza ba. Ni dai shawarata, saƙo ya faɗa wayar hakimi da mai unguwa da ladan, ko da tsakar dare ne, a kuma yanke tun da rani ko wane zane ruwa zai taɓa a yi shela, da makarantar da kowace unguwa za ta nufa. Shugabannin ƙananan hukumomin nan uku, muna roƙo ku zauna tare da Sarakuna a kan wannan kafin ruwan shuka ya sauka.