Kafin ka sa wa motarka bodi kit, fara auna hanyar gidanku

Duk wanda ke yawan leƙa TikTok da Instagram ya san yayin da ake ciki: a ɗauko Camry ko Corolla ko Lexus mai shekaru, a sauya mata bamba da fitilu, a ƙara leɓe a ƙasan bamban gaba da siket a gefe, sai ta fito kamar sabuwar fita. Daga Ƙofar Ruwa a Kano zuwa Apo a Abuja, masu sayar da irin waɗannan kaya ba sa rasa ciniki. Amma bidiyon ba ya nuna maka motar bayan wata uku, lokacin da leɓen ya tsage, fenti ya kankare, aka ɗaure gefe guda da waya.

A ganina, yawancin bodi kit tun ranar saye suke mutuwa. Mai mota ya duba hoto, ya duba farashi, bai duba tazarar da za ta rage tsakanin motar da ƙasa ba. Bayan an yi ɓarna sai a shiga neman na'urar da za ta cece shi, alhali awo na minti goma da wayar hannunsa ya isa.

Ga yadda lissafin yake. Camry daga kamfani tana da tazarar santimita 14 zuwa 16 daga ƙasa, gwargwadon shekarar ƙira. Sai dai ba wannan kaɗai ke hana gogar ƙasa ba. Akwai kuma nisan da ke tsakanin tayar gaba da bakin bamba. Idan leɓen yana santimita 12 daga ƙasa, nisansa da taya kuma santimita 80 ne, gangaren da motar za ta hau ba tare da ta taɓa ba bai wuce digiri 8 da rabi ba. Ka sauke leɓen zuwa santimita 8, sai ya koma ƙasa da digiri 6. Santimita 4 kacal sun cinye kusan kashi ɗaya cikin uku.

Ba sai ka iya lissafi ba. Samu katako miƙaƙƙe, ka tokare baki ɗaya a gindin tayar gaba, ka ɗaga ɗaya bakin har ya taɓa ƙasan bamba. Ɗora wayarka a kai. Manhajar Measure ta iPhone tana da ma'aunin karkata, masu Android kuma akwai irinta kyauta a Play Store. Rubuta lambar. Sannan ka auna gangaren ƙofar gidanku, da kwalbatin shiga layinku, da mashigar gidan man da ka saba zuwa. Idan lambar gangaren ta fi ta motar, za ta goga, ko da wane ne ya riƙe sitiyari.

Abu na biyu shi ne abin da aka ƙera kit ɗin da shi, kuma a nan ne araha ke cutar da mutane. Faibagilas ya fi sauƙin kuɗi, amma ba ya lanƙwasa. Idan ya daki ƙasa tsagewa yake yi. Robar ABS tana ɗan jurewa, kuma ana iya liƙe ta da zafi idan ta fashe. Foliyuriten kuwa lanƙwasa yake yi ya koma yadda yake, shi ya sa ya fi dacewa da titi mai ramuka da tudun rage gudu da mutanen unguwa suka gina da kansu ba tare da awo ba. Kabon faiba yana da kyau a hoto, amma ga tsada, ga wuyar gyara. Tambayi mai kaya da me aka yi shi, ka kuma danna da hannunka ka ga ko yana ba da kai.

To, ina amfanin na'urori? Akwai, amma kowace da iyakarta. Na'urar da ke ƙara idan ka kusanci abu tana jin bango da mota, sau da yawa kuma ba ta jin dakalin da bai kai tsayin bamba ba. Kyamarar gaba da aka karkata ta kalli ƙasa ta fi amfani wajen fakin. Ledar kare fenti tana tare tsakuwa, ba ta tare siminti. Abin da ya fi biyan kuɗinsa shi ne faifan roba mai tauri da ake ɗaurawa a ƙarƙashin leɓe, shi ya riƙa shan gogar, idan ya cinye a sauya. A ɗaure shi da noti da washa, domin gam mai fuska biyu shi kaɗai ba abin dogaro ba ne a zafin watan Afrilu.

Manyan kamfanoni ma sun san matsalar. Chevrolet Corvette ta 2020 tana da tsarin da ke ɗaga hancin mota kusan santimita 4 cikin ƙasa da daƙiƙa 3, har ta iya tuna wurare 1,000 ta hanyar GPS ta ɗaga da kanta idan ta iso. Idan injiniyoyin Amurka ba su yarda su bar mota mai ƙasa-ƙasa ta fuskanci titinsu haka kawai ba, me zai sa mu yi zaton tamu za ta tsira a layin da ruwan damina ya zaizaye?

Sauran aikin na direba ne. Taka birki kafin ka isa tudu, ka sake shi daidai lokacin hawa, saboda birki yana dunƙufar da hancin mota. Hau gangare a karkace, taya ɗaya bayan ɗaya. Yi fakin da baya inda akwai dakali. Duba iskar taya da shokozoba, domin idan sun yi sanyi motar sauka take yi, haka ma idan an cika ta da mutane. Tsaga kuma kada a bar ta ta yi tsawo: a huda ɗan rami a ƙarshenta don ta tsaya, fanal bita ya ƙarfafa ta daga ciki. Shafa fila a waje kawai ɓoye ciwo ne.

Wani zai ce motarsa ce, kuɗinsa ne. Gaskiya ne, kuma son kwalliya ba laifi ba ne. Amma haƙƙin ya daina zama naka kai kaɗai idan karkacewar da kake yi a kan tudu ta kai ka hannun mai babur ko ɗan adaidaita, ko bamban da ya saki ya faɗi a babbar hanya gaban motar da ke bayanka. Bayan wannan bamba kuma akwai lagireto da wayoyin fitilu, waɗanda gyaransu ba wasa ba ne.

Saboda haka ka auna tukuna. Idan lambar ba ta ba ka ba, zaɓi leɓe gajere, ko ka bar ƙasan motar yadda kamfani ya yi, ka kashe kuɗin a fenti da fitilu da taya masu kyau.