A Bar Wa Itace Gurbinsa a Isa da Sabon Birni

Duk wanda ya taɓa yin watan Afrilu a gabashin Jihar Sakkwato ba ya bukatar a yi masa dogon bayani kan darajar inuwa. Zafi kan haura digiri 40, kasuwa ta koma ƙarƙashin darbejiya, haka ma makarantar allo da majalisar dattawa. Amma abin mamaki, idan aka zo yanka fuloti a sabuwar unguwa, akan auna hanya, a ware filin masallaci, wani lokaci har da na makaranta, shi kuwa itace ba a lissafa shi cikin bukatun gari. Ga ra'ayinmu wannan kuskure ne, kuma garuruwan Isa da Sabon Birni ne suka fi kusa da ɗanɗana kuɗarsa.

Dalili kuwa a fili yake. Tun da ta'asar 'yan bindiga ta tsananta a wannan yanki, musamman daga shekarar 2020, mutanen ƙauyuka da dama sun baro gidajensu, wasu suka tsallaka Jihar Maraɗi a Nijar, wasu suka taru a hedkwatocin ƙananan hukumomin biyu. Garin da ya cika da baƙi dole ya nemi wurin gini da itacen girki. In kuwa shiga daji ya zama kasada, babu inda gatari zai nufa sai itatuwan bakin gari da na bakin gulbi. Ba mu zargin matar da ta sari reshe don ta dafa wa 'ya'yanta tuwo. Tambayarmu ga hukuma take: wane tanadi aka yi don gobe?

Ba yau aka fara maganar dashe ba. Bayan farin 1972 zuwa 1974 gwamnati ta ƙaddamar da shirye-shiryen dasa itatuwa a jihohin da ke iyaka da Nijar. A 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, a 2015 kuma Nijeriya ta kafa hukumar da za ta kula da shi a jihohi 11, ciki har da Sakkwato. Sai dai mu da muka tashi muna ganin bikin dashen itace mun san yadda yakan ƙare. Babban baƙo ya dasa, a yi tafi, a ɗauki hoto, kafin damina ta zagayo awaki sun gama da shi, domin babu wanda aka ce nasa ne.

Darasin da ya fi amfani yana nan ƙetaren iyaka, wurin 'yan'uwanmu Gobirawa da Katsinawan Maraɗi. A 1983 wani ma'aikacin gona ɗan ƙasar Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa ƙananan tsirran da manoma ke sassabewa kowace shekara ba ciyayi ba ne, toho ne daga kututturan itatuwan da aka sare, saiwarsu na nan da rai a ƙasa. Manoma suka soma barin toho mafi ƙarfi suna datse saura, abin da ake kira sassaben zamani. Da wannan dabara, wadda ba ta bukatar gandun renon iri ko motar ban ruwa, aka farfaɗo da fili mai faɗin kadada wajen miliyan 5 a Nijar. Gawo ya dawo gonaki, shi da ke kakkaɓe ganyensa da damina ya bar wa gero rana. Abin da ya raya aikin shi ne manomi ya tabbata itacen nasa ne, shi zai mori reshensa da 'ya'yansa.

Haka ya kamata a yi cikin gari. Duk wanda aka ba fuloti a rubuta masa cikin takarda cewa zai raya itace biyu a ƙofar gidansa, kuma inuwarsu da itacen girkin da ke cikinsu hakkinsa ne. Makarantu, kasuwanni da tashoshin mota a damƙa itatuwansu ga wanda za a iya tuhuma da sunansa. Sa'an nan a haramta gini a fadama da bakin gulbi. Wannan yanki na Gulbin Rima da Bunsuru ya san ambaliya, kuma birnin Kano ya riga ya nuna mana abin da kan biyo bayan cike kududdufai a gina shaguna: ruwan da ya rasa mazauni sai ya shiga ɗakunan mutane.

Za a ce mana wanda ke gudun ceton rai ba ya tunanin darbejiya, kuma tsaro ne kan gaba. Mun yarda. Amma unguwar da ake yankawa yau cikin gaggawa ita ce za a zauna cikinta shekara hamsin nan gaba, kuma titin da aka matse ba ya sake buɗewa. Da yawa daga cikinku, masu karatu, nan da 'yan shekaru ku ne za ku riƙe igiyar awo a sashen filaye, ku ne malaman daji, ku ne sakatarorin ƙananan hukumomi. Ga ɗalibanmu 'yan asalin Isa da Sabon Birni kuwa, muna kira da su yi amfani da hutun damina mai zuwa, su zaga unguwanninsu su ƙidaya itatuwan da suka rage, su kai lissafin gaban hakimi da shugaban ƙaramar hukuma, kwafi ɗaya kuma su aiko wa wannan mujalla.