Ƙungiyar 'Yan Kasuwa Da Farantin Talla



Ran Litinin ɗin da ta wuce na kira suna a ajina, yara mata bakwai ba su amsa ba. Ban tambayi kowa inda suke ba, domin na sani. Litinin ce ranar da kasuwar Kakuri ke ci, suna can da faranti a ka, wata da awara, wata da dafaffiyar gyaɗa, wata tana tsaron teburin uwarta. Washegari za su dawo mini da barci a ido, an riga an wuce su a darasin lissafi, kuma haka abin zai maimaitu mako mai zuwa.

Da farko nakan ji haushin iyayen. Amma da na riƙa shiga gidajensu sai jikina ya yi sanyi. Uwar da jarinta duka bai wuce kuɗin kwano biyu na waken suya ba, in ba a sayar yau ba, gobe ba za a ɗora tukunya ba. To, wa za ta aika? Saboda haka maganar da zan yi yau a kan jari ce, da kuma ƙungiyoyin masu sana'a da ke unguwanninmu na ƙetaren kogi, watau Kakuri da Makera da Barnawa da Nasarawa da Sabon Tasha, da abin da ya kamata su yi mana.

Ku 'yan makaranta ba ku tarar ba, ni ma labarin na fi ji a bakin iyaye, amma wannan yanki namu da can garin ma'aikata ne. A 1957 aka buɗe masaƙar KTL a Kakuri, da haɗin gwiwar Gwamnatin Jihar Arewa ta zamanin Sardauna da wani kamfanin Ingila. Bayanta wasu suka biyo, irin su Nortex da Arewa Textiles da UNTL, sannan a 1975 kamfanin Peugeot ya soma haɗa motoci. Iyayenmu suna cewa da jiniya ake sanin lokaci a unguwa. In an tashi aiki, hanya ba ta biyuwa don kekuna, kuma duk macen da ta kafa tukunyar shinkafa da wake a bakin ƙofar masaƙa ba ta komawa gida da saura. Bashi ma ba a jin tsoron ba da shi, tunda an san ƙarshen wata akwai albashi.

Sai al'amari ya juya. Wutar lantarki ta yi ƙaranci, baƙin man da injuna ke sha ya yi tsada, atamfar fasa-ƙwauri mai araha ta cika kasuwa. KTL ta rufe a 2002, sauran suka bi ɗaya bayan ɗaya, har UNTL mai girman nan ta dakatar da aiki a 2007. Magidanta da yawa suka zauna a gida, waɗansu suka shekara da shekaru suna bin kuɗin sallamarsu, waɗansu har suka riga mu gidan gaskiya ba su gani ba. Wa ya riƙe gidajen nan? Ku duba da kyau, mata ne, da keken ɗinki da injin markaɗe da kaskon ƙosai da dilar gwanjo.

Abin da ya riƙe su kuwa shi ne haɗa kai. Kowace kasuwa tana da ƙungiyarta, kowane layi ma da shugabanninsa, masu hatsi daban, masu kayan miya daban, teloli daban. Ainihin amfaninsu ba a boye yake ba. A ce mata ashirin kowace tana zuba naira dubu biyu a mako. Wadda kwasa ta zo kanta za ta ɗauki dubu arba'in a dunƙule, kuɗin da ita kaɗai ba za ta taɓa tarawa a ƙarƙashin katifa ba, domin ciwon yaro ko baƙon dare zai cinye shi. Da wannan sai ta sari abin da ya fi kwano biyu. In kuma su ashirin ɗin suka haɗa kuɗinsu suka aika mutum biyu kasuwar ƙauye lokacin kaka, kuɗin mota ya ragu, farashin buhu ya sauko, ribar da ɗan tsakiya ke ci ta dawo zaninsu. Wadda ta sami wannan sarari tana iya ba dillaliya kayanta ko ta ajiye a shagon 'yar ƙungiya, ba sai ta ɗora wa 'yarta ba.

Ba kuɗi kaɗai ba ne. In masu karɓar haraji sun zo da rasit iri uku, mace ɗaya ba ta da bakin magana, amma shugabar ƙungiya tana da shi. In an yi gobara ko rasuwa, ƙungiya ce ke fara yin karo-karo kafin dangi na nesa su ji labari. In rikicin bashi ya tashi, a rumfar shugabanni ake kashe shi ba tare da an kai ga 'yan sanda ba. A farkon 2023, lokacin da aka canja takardun naira kuɗi suka ɓace a hannun jama'a, na ga yadda matan layinmu suka riƙa ba juna kaya a kan amana, mai gero ta ba mai ƙuli-ƙuli, aka rubuta, aka biya daga baya.

Akwai kuma wani abu da ban so in tsallake. Tun bayan tarzomar 2000 da ta 2002 kogin nan ya zama kamar iyaka a garinmu, mutane suka yi ta ƙaura, kowa ya koma inda ya ga nasa sun fi yawa. Wurin da har yanzu Maryamu mai zuwa coci da Maryam mai zuwa Islamiyya ke zama a benci ɗaya suna ƙirga kuɗin zubi, shi ne taron 'yan kasuwa. Wadda kika ci adashi da ita shekara biyar, da wuya wani ya zo da tsakar dare ya gaya miki cewa abokiyar gabarki ce ki yarda.

Manyan ƙungiyoyi ma suna nan, sai dai matanmu ba su cika kusantarsu ba. Ƙungiyar ma'aikatan masaƙu da teloli ta ƙasa, wadda aka kafa a 1978, a nan Kaduna hedkwatarta take, kuma da masaƙu suka mutu ta buɗe ƙofa ga teloli masu zaman kansu. Mata nawa ne masu keke a ɗaki suka san da haka? Can kuma a hanyar Zariya akwai filin baje koli na Ƙungiyar 'Yan Kasuwa da Masu Masana'antu ta Kaduna, KADCCIMA, wadda ta soma shirya kasuwar duniya tun 1979. Mace ma ta taɓa shugabantar ta, Hajiya Muheeba Dankaka. Na san mai yin man shafawa a Makera ba za ta iya kama rumfa a can ita kaɗai ba. Amma mata talatin da ke da ƙungiya mai rajista za su iya haɗa kuɗin rumfa ɗaya, su jera daddawa da yaji da turaren wuta da ɗinkin hannu a gaban baƙin da ba za su taɓa shigowa lungunmu ba. Su kuma shugabannin KADCCIMA, ina roƙonsu su riƙa ƙetaro gada suna neman irin waɗannan ƙananan ƙungiyoyi, kada su jira sai mai kaskon ƙosai ta yi ƙarfin halin hawa benensu.

To, yanzu bari in taɓa namu laifin, ko da za a ji zafi. Ƙungiyoyinmu da yawa ba su da littafi. Komai yana kan uwar adashi, ita ce ma'aji, ita ce magatakarda, ita ce alƙali. Ni da kaina na taɓa shiga wani adashi, na zuba wata bakwai daga ɗan albashina, saura wata ɗaya in kwasa aka wayi gari matar ta tashi daga unguwar. Da muka taru, ko takarda ɗaya babu mai ita da za ta nuna abin da ta zuba. Har yau in na tuna raina yakan ɓaci, kuma kaina na fi zargi, ni da nake koya wa yara rubutu.

Wata ɓarnar kuma ita ce anko. Ƙungiyar da aka kafa don jari sai ta rikiɗe ta zama ta biki. Wannan wata atamfa, wata mai zuwa leshi, wadda ba ta yi ba a ci ta tara. A ƙarshen shekara kowa na da zannuwa shida a akwati, jari kuwa yana nan inda yake. Haka nan shugabannin da ba a sauya su sai mutuwa, da waɗanda ba a ganin ƙoƙarinsu sai lokacin zaɓe, in 'yan siyasa sun kawo sabulu da taliya.

Maganin ba mai wuya ba ne. A sayi littafi mai bango, kowace 'yar ƙungiya kuma ta riƙe nata ƙaramin kati, a rubuta zubi a gaban idonta. Kuɗi ya kwana a banki da sa hannun mutum uku, kada ya kwana a ɗakin kowa. A je ofishin ƙungiyoyin gama-kai na jiha a yi rajista, domin duk wani rance ko tallafi da ake sanarwa, takardar rajista ake fara tambaya. Matan da ke cikin kulle su ma a rubuta sunansu, a nemi yardar maigida, wata amintacciya ta riƙa karɓo zubinsu. Maigidan da ya ga littafi a buɗe ba zai yi yawan zargi ba.

Ku kuma 'yan makaranta, nan ne aikinku yake. Kada ki raina sana'ar uwarki don kin iya Turanci, da ita aka saya miki takalmin da kike takawa. Ran Asabar ki zauna kusa da ita ki rubuta mata abin da ta saro da abin da ta sayar, ki ware mata uwar kuɗi daga riba. Da yawa daga iyayenmu ciniki suke yi sosai, amma ba su san suna cin jarinsu ba sai ya ƙare. Yarinyar da ta gama aji shida ta isa ta riƙe littafin zubi, in an sa babba ya duba bayanta.

Babban roƙona ga shugabannin ƙungiyoyi shi ne wannan. Tun 2004 dokar ƙasa ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara tara, amma doka ba ta zuwa kasuwar Litinin, ku ne ke can. Kun iya cin tarar wadda ba ta yi anko ba, kun iya hana wadda ta karya farashi zama a layi. To, ku sa a cikin ƙa'idarku cewa 'yar ƙungiya ba za ta ɗora wa yarinya talla a lokacin makaranta ba, kuma wadda talauci ya tilasta mata, a sa ta a gaba wajen kwasa ko rance, ta sami abin da za ta tsaya da ƙafarta. Na riga na yi wannan magana da iyayen uku daga cikin yaran nan bakwai, sun ce in ƙungiya ta yarda ta matso musu da kwasarsu kafin kaka, za su gwada. Sauran huɗun zan bi su gida ran Asabar in Allah ya kai mu.