Tun Ran Gini, Ran Zane

Batun da na kawo muku a wannan mako ƙarami ne ƙwarai, har ma wani zai ce bai kai a ɓata masa tawada ba. Magana ce a kan wani ɗan faifan ƙarfe wanda faɗinsa bai kai na tsohon sule ba, da kuma kayan aikin da ake cire shi da su. Amma ku yi haƙuri ku bi ni, domin ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Ran Asabar da ta wuce na raka ɗan ƙanwata zuwa Tumfure, can bakin Gombe ta hanyar Bauchi, don in ga gidan da ya shekara 4 yana ginawa da albashinsa na malamin makaranta. An gama ɗora bulo, an yi rufi, an tsattsaga bango an kwantar da bututun waya, abin da ya rage shi ne a dasa akwatunan wuta sa'an nan birkila ya yi filasta. A tsakar gidan na tarar da wani yaro, shekarunsa ba za su wuce 15 ba, zaune a kan bulo, ga tulin akwatunan ƙarfe a gabansa, yana ta dukansu.

Na ce, "Sannu da aiki, samari. Ina maigidan naka?"

Ya ce, "Yauwa, Baba. Ya tafi wani aiki a Pantami, ya ce in huda waɗannan duka kafin ya komo."

Na ce, "To, ina kayan aikinka?" Sai ya ɗaga mini ƙusa 'yar inci 6 da guntun dutse, yana murmushi.

Na ɗauki ɗaya daga cikin waɗanda ya gama, na zura yatsa a ƙofar da ya huda, nan take bakin ƙarfen ya yanke ni. Da na duba sai na ga gefen akwatin ya lotsa, bakin ƙofar ya yi haƙora kamar na zarto, ga kuma ƙofofi uku a buɗe alhali bututu ɗaya ne zai shiga. Na ce a raina, abin da ya yanka fatar tsoho, yaya zai yi da rigar robar da ke jikin waya?

Bari in bayyana wa mai karatu abin da muke magana a kai. Duk soket da makunnin fitila da kake gani a bangon gidan siminti, a bayansa akwai akwatin da aka binne, na ƙarfe ko na roba. Masu sana'ar suna kiransa nokawut, ƙaramin su ce masa tiri-bai-tiri, watau inci 3 kowane gefe, dogon kuwa inci 3 ne da 6. A gefunan akwatin da bayansa akwai zane-zane masu da'ira. Tun daga masana'anta inji ya yanka kowace da'ira ya kusa raba ta da jikin akwatin, amma ya bar ɗan wuri ɗaya ko biyu bai yanke ba, shi ne mariƙin da ke riƙe da faifan. Hikimar ita ce mai aiki ya buɗe ƙofar da bututunsa zai shiga kawai, ya bar sauran a rufe. A ƙasarmu faɗin waɗannan ƙofofi milimita 20 ne ko 25, daidai da kaurin bututun da ake sayarwa a kasuwa.

Kayan da ake bukata don wannan aiki ba su da yawa, duka za su shiga aljihun riga. Na farko, tsinken ƙarfe mai dakusasshen baki, wanda kowane maƙeri a garin nan zai iya ƙerawa, in babu shi kuwa tsohuwar sukurdireba mai faɗin baki ta wadatar. Na biyu ƙaramar guduma, na uku filaya, na huɗu magagari mai jiki zagayayye. Ga yadda gwanaye suke yi. Mutum zai fara duba inda mariƙin yake, sai ya ɗora bakin tsinken a gefen faifan da ke nesa da shi, ya ɗan buga da guduma a hankali, sau ɗaya ko biyu. Faifan zai tanƙwara ciki kamar an tura ƙyaure. Daga nan an gama da guduma. Sai ya kama faifan da filaya, ya riƙa lanƙwasa shi gaba da baya har mariƙin ya gaji ya karye don kansa. Sa'an nan ya bi bakin ƙofar da magagari ya goge duk wani tsini, ya shafa da yatsa ya ji ya yi sumul. A ƙarshe ya sa zoben roba, ko ya ɗaura mahaɗin da ke kama bakin bututu, yadda waya ba za ta taɓa gogar ƙarfe ba. Duka aikin bai kai minti 2 ba.

Akwai akwatunan da ake yi wa da'ira biyu, ƙarama cikin babba. A irin waɗannan ne gaggawa ta fi yin ɓarna, gama in aka yi bugu mai ƙarfi sai zoben waje ya biyo na ciki, ƙofa ta yi wa bututu yawa, ya zauna yana lilo. Babban akwatin rarraba wuta kuma, wanda ƙarfensa ya fi kauri, wani lokaci ana bukatar ƙofa inda masana'anta ba ta zana ba. Don wannan akwai mahudi na musamman mai guda biyu, mace da namiji, da ƙusa mai zare a tsakaninsu. Ana fara huda ƙaramin rami, a zura ƙusar, a sa macen a gefe ɗaya namijin a ɗaya gefen, a yi ta murɗawa da sifana har namijin ya yanke ƙarfen ya faɗa cikin macen, ya bar ƙofa mai tsabta. Kamfanin Greenlee na Amurka ya yi suna wajen ƙera irinsa. Sai dai mai sayen na gwanjo ya lura, gama awon Amurka dabam yake da namu. Abin da suke kira rabin inci ƙofar da yake hudawa ta kai milimita 22, ta yi wa bututunmu mai 20 yawa ke nan.

To, mene ne zai faru in an yi aikin da ƙusa da dutse? Bayan an gama filasta, mai wayarin zai zo ya jawo wayoyi ta cikin bututu da ƙarfin tsiya, kowace waya kuwa sai ta bi ta bakin ƙofar nan. In akwai tsini sai ya fere robar, wani lokaci har tagullar ta bayyana, wani lokaci ya bar ta da ɗan siririn rufi. Ranar da aka gwada wuta kome zai kama lafiya lau, a biya mai aiki, a yi masa godiya. Amma wutar da ke shiga gidajenmu ƙarfinta bolt 230 ne, soket guda kuwa an yi shi ya ɗauki amfiya 13, watau abin da zai ja dutsen guga ko hitar dafa ruwa. Waya tana ɗumi in tana aiki, ta huce in an kashe, ga zafin watan Maris da Afrilu irin na Gombe, robar tana ƙara tsufa tana bushewa. Wata rana tagulla za ta taɓa akwatin. In an ɗaura wa akwatin wayar ƙasa yadda ya kamata, fis zai tsinke ko makashin wuta ya faɗi, a tsira. In ba a ɗaura ba, akwatin kansa ya zama mai wuta, har da 'yan ƙusoshin nan biyu da ke fuskar soket, waɗanda suke daidai tsawon hannun yaro mai rarrafe. In kuwa taɓawar ba ta zauna daram ba, sai tartsatsi, sai ƙauri, sai labule ko katifar da aka jingina a wurin ta kama.

Ƙofofin da aka buɗe a banza su ma da nasu sharrin. Ta nan kwaɓin siminti yake kwarara ya cika akwatin ranar filasta, ta nan damshin damina yake shiga ya kawo tsatsa, ta nan kyankyasai da tururuwa suke samun masauki a tsakanin wayoyi. Dama Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Waɗanda suka san Gombe tun tana ƙarƙashin Jihar Bauchi za su tuna yadda ake jan wuta a gidajen ƙasa na Jekadafari da Bolari da Herwagana. A bisa bango ake kafa waya da 'yan maɗaurai, kowa yana ganinta, in ta fere ko ta yi baƙi maigida zai gani da idonsa ya kira mai gyara. Tun daga ran 1 ga Oktoba, 1996, da garin ya zama hedkwatar jiha, gine-gine suka yi ta bazuwa ta kowace hanya, simintin Ashaka ya maye gurbin jar ƙasa, waya kuma ta koma cikin bango. Gida ya yi kyau, babu shakka, amma aibin aikin ya ɓuya tare da wayar. Hukumar wuta ta sake suna sau da dama, daga NEPA ta 1972 zuwa PHCN ta 2005, har aka miƙa rarrabawa ga kamfanoni a 2013, Gombe ta faɗa hannun na Jos. Duk cikinsu babu wanda aikinsa ne ya shiga cikin bangon ɗakinka. Abin da ke bayan mita amana ce tsakanin mai gida da mai wayarin. Amma in gobara ta tashi sai ka ji an ce, "Ai wuta aka kawo da ƙarfi." Wani lokaci haka ne. Wani lokaci kuwa tun ranar da aka huda akwati da ƙusa aka kunna ta, shekaru ne kawai ta ɗauka kafin ta ci.

Muna nan har la'asar maigidan yaron ya komo. Na nuna masa yatsana da akwatin, ban ɗaga murya ba. Shi ma bai yi gardama ba, sai ya ce, "Alhaji, gaskiyarka. Amma ka tambayi ɗanka nawa na faɗa masa, nawa kuma ya biya. In ban kama aiki uku a rana ba, me zan kai gida? Zoben roba ma da na rubuta a takardar kaya, shi ya soke shi."

Na waiwayi ɗan ƙanwata, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, na zaci ƙari ne irin na masu aiki."

Ka ji inda gizo ke saƙa. Laifin na mutum biyu ne, yaron da aka bari da dutse kuwa ba ya cikinsu. Mun saba mu kashe dukiya a kan tayil da fenti da ƙofar gida mai ado, abin da baƙo zai gani ya yaba, sa'an nan mu matse mai aikin da ransa da namu suke hannunsa. Araha dai ba ta ado.

Saboda haka ina da kira guda uku. Na farko ga masu gini. Kada ka yarda birkila ya ɗora filasta sai ka zagaya ɗaki ɗaki ka duba kowane akwati. Ba sai ka yi karatun injiniya ba. Ka ƙirga bututun da suka shiga, ka ƙirga ƙofofin da aka buɗe, su zo daidai. Ka shafa bakin kowace ƙofa a hankali, ka ga akwai zobe ko mahaɗi, ka tambayi inda za a ɗaura wayar ƙasa. Kuma ka biya mai aiki haƙƙinsa yadda ba zai bar maka yaro ya tafi neman ciko ba.

Na biyu ga shugabannin sana'a. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya fara da ƙusa da dutse, da su zai koya wa nasa yaran. Ranar da ka karɓi almajiri ka damƙa masa tsinke da filaya da magagari, ka zauna ka cire faifai goma yana kallo, shi ma ya cire goma kana kallo. Ka koya masa kuma, in akwatin yana cikin gidan da aka riga aka ja wa wuta ne, kada ya kai ƙarfe wurin sai ya kashe babban makunni ya gwada da testa.

Na uku ga hukuma. Akwai NEMSA, wadda dokar 2015 ta ɗora wa duba ayyukan lantarki da ba masu wayarin takardar shaida, akwai kuma gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago mai mataki 3. Ya kamata ƙungiyoyin masu sana'ar a Gombe su haɗa kai da su, a sauƙaƙa wa yaran da suka koya a bakin aiki hanyar samun takardar, a kuma wayar da kan jama'a su riƙa neman ganinta kafin su ba da aiki.

A Tumfure dai mun zauna mu huɗu muka tsince akwatunan. Waɗanda suka lotse aka ajiye su gefe, masu gyaruwa aka bi su da magagari, ɗan ƙanwata ya koma kasuwa ya sayo zoben da ya soke, aka ɗaga filasta da kwana 2. Kafin magariba yaron nan ya iya cire faifai da bugu ɗaya, yana ɗagawa yana nuna wa maigidansa. Da an riga an shafe bangon, da sai an fasa shi kafin a gyara, kuma na san ba za a fasa ba. Shi ya sa magabata suka ce tun ran gini, ran zane.

Allah ya tsare mu da iyalanmu daga gobara, ya sa albarka a sana'ar kowa, amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.